Baffana yana wa'azin amana, ga fadamarmu a hannun wani

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 26 daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Mahaifinmu ya rasu a 2018, ya bar Innarmu da mu huɗu: ni, da ƙannena mata biyu, da autanmu namiji. Ya bar gonar tudu da fadama ɗaya. Ƙanensa, Baffanmu, ya ce zai riƙe fadamar har mu yi ƙarfi, ni kuwa na tafi Kano ina dako a Dawanau. Bana na dawo da ɗan abin da na tara don in yi noman rani in yi aure. Ina zuwa fadamar na tarar da injin wani yana ban-ruwa. Ashe tun bayan ambaliyar 2022 Baffa ya jinginar da ita a kan naira 400,000, bai gaya wa kowa a gidanmu ba. Malam, wannan Baffan shi ke jan sallah in liman ba ya nan, shi ke yi wa jama'a nasiha bayan asuba a kan amana da haƙƙin maraya. Shaidun jinginar dattawa biyu ne da nake gaisarwa kullum. Aminina ya sani tun bara, bai ce min uffan ba. 'Yan majalisarmu in ina nan su ce an zalunce ni, in Baffa ya zo su ce yaran yanzu ba su da ta ido. Garin nan kowa munafuki ne. Na daina zuwa masallacin. Abin da ya fi cin raina, kullum da safe sai na durƙusa na gaida Baffa don Inna ta ce kar in fasa, ina cewa Allah ya ƙara girma alhali zuciyata tafasa take. Ashe ni ma na zama irinsu? Yanzu ko dai in tona masa asiri a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ko in tattara in koma birni in manta da su.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama, ya saka wa Innarku da alheri.

Na karanta wasiƙarka sau uku, ban ga inda ka zuzuta abin da aka yi muku ba. Mutum ya yi shekaru yana ɗaukar buhu a ka, yana ƙulle kwabo da tunanin fadamar ubansa, ya dawo ya ji ƙarar injin wani a cikinta. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ba zan ce maka ka yi haƙuri in ja bakina in yi shiru ba. Irin haƙurin da ake ba marayu a ƙauyukanmu, sau da yawa ma'anarsa a bar wa mai ƙarfi abin da ya ɗauka.

Amma akwai inda zan ja ka gefe. Ka ɗauko kalma ɗaya, munafuki, ka lulluɓa wa Baffa, da dattawa biyu, da amininka, da 'yan majalisa, da gari baki ɗaya, har gefen da ya rage ka ja ka rufe kanka da shi. Mutanen nan ba abu ɗaya suka yi ba. Muddin kuwa ka bar su a dunƙule, ba za ka gane wa za ka tunkara ba, wa za ka yi wa uzuri, wa za ka roƙa ya tsaya maka. Wanda ya ce duk gari maƙiyansa ne ya kori shaidunsa da hannunsa, kai kuwa yau babu abin da kake buƙata kamar shaidu.

Mu Hausawa mun faɗaɗa kalmar nan ƙwarai. Yaron da ya kai ƙarar ɗan'uwansa wajen malamin allo, munafuki. Matar da ta kwashi zancen wannan ɗaki ta kai wancan, munafuka. Wanda ya yi maka dariya da ta ciki na ciki, munafuki. Wanda tsoro ya ɗaure wa harshe, shi ma haka. A addini kuwa kalmar tana da nauyi. Akwai munafuncin zuciya, mutum ya ɓoye kafirci ya bayyana imani, irin na Abdullahi ɗan Ubayyu wanda ya janye da mutum wajen 300 daga rundunar da ta fita Uhudu. Wannan ni da kai ba mu da ma'auninsa. Ka tuna Haɗibu ɗan Abi Balta'a, wanda ya aika wa Ƙuraishawa takarda a ɓoye gabanin buɗe Makka. Sayyidina Umar ya kira shi munafuki, ya nemi izinin sare shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da ya tambayi Haɗibu dalilinsa, ya ji cewa tsoron abin da zai sami iyalinsa a Makka ne, ya kuma tuna wa Umar cewa mutumin nan ya halarci Badar. Laifin ya auku, babba ne kuma, amma ba a yanke wa zuciyarsa hukunci ba.

Sai munafuncin aiki, wanda hadisi ya ba mu alamominsa uku: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Waɗannan ido yana ganinsu, ana kafa musu shaida, ana kai su gaban alƙali. Nan ne filin aikinka. Abin da ke cikin ƙirjin Baffa ka bar wa Mai shi.

Bari in fara da kai, tunda tambayar da ka yi a kan kanka ita ta fi hana ka barci. Gaisuwar da kake yi wa Baffa ba munafunci ba ce. Ƙanen mahaifinka ne jiya, shi ne yau, jinginar fadama ba ta goge wannan ba. Durƙuson nan haƙƙin jini ne da na furfura, ba takardar yafiya ba ce. Nana A'isha ta ba da labarin wani mutum da ya nemi izinin shiga wajen Manzon Allah. Kafin ya shigo Annabi ya faɗi mugun halinsa, da ya shigo kuma ya sakar masa fuska ya tausasa masa magana. Malamai sun ɗauko daga nan cewa lallaɓa mutum don kauce wa sharri daban, sayar da gaskiya don neman yardarsa daban. Innarku ba ta yi karatun wannan ba wataƙila, amma shi ta umarce ka da shi. Kuma tsoron da ya kama ka ɗin nan alama ce mai kyau. Ibnu Abi Mulaika ya ce ya riski sahabbai 30, kowannensu yana tsoron munafunci a kan kansa. Sayyidina Umar da girmansa ya je ya tambayi Huzaifa, wanda aka ba sirrin sunayen munafukai, ko sunansa yana ciki.

Sai dai kar ka saki jiki, domin akwai abin da ban gani a wasiƙarka ba. Ka gaya wa 'yan majalisa, ka gaya min, wataƙila ka gaya wa mai shayi. Ban ga inda ka zauna gaban Baffa ka ce masa, Baffa, na je fadama na ga abu kaza ba. In ka ci gaba da durƙusa masa da safe kana yanka shi da yamma a bakin kasuwa, to nan ne za ka faɗa ramin da kake tsoro. Gaisuwar ka bar ta inda take. Abin da ya rage shi ne ka ɗora gaskiya a kanta, a gabansa, da bakinka.

Yanzu Baffa. Abin da ya yi cin amana ne, ba ni da wani suna mai laushi da zan ba shi. Ayar Suratun Nisa'i ta 10 ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu, aya ta 6 kuma ta ce in maraya ya kai munzali aka ga hankalinsa a miƙa masa dukiyarsa a kafa shaidu. Baffa ya san waɗannan ayoyi fiye da kai, har yana karanta wa wasu. Shi ya sa abin ya ƙona ka, kuma kana da gaskiya.

Amma ina so ka san yadda ɗan Adam yake isa irin wannan wuri, don sanin zai yi maka amfani. Da wuya ka sami mutumin da ya tashi da asuba ya ce yau zan ci dukiyar marayun yayana. Ba haka zuciya take yaudarar mai ita ba. Ka tuna daminar 2022 a ƙasarku: kogin Haɗeja ya cika ya batse, shinkafa ta nutse tana gab da nuna, katangun ƙasa suka zube, mutane suka kwana a makarantu. Magidanci yana tsaye, rumbu wayam, ga bashin taki, wataƙila ga 'ya an sa ranar aurenta ba gado ba katifa. Sai zuciya ta raɗa masa: yaron nan yana birni, fadamar tana zaune, ka ɗan jinginar, kaka ɗaya ka fanso ta, ba wanda zai ji. A ransa aro ya yi. Kaka ta zo ba ta ba da abin da aka zata ba. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, mai injin ban-ruwa ya ji a jikinsa, taki ya bi sahu. Aron kaka ɗaya ya zama na biyu, ya zama na uku. Kowace shekara faɗar gaskiya tana ƙara nauyi, don yanzu ba jinginar kaɗai zai amsa ba, har da shirun da ya yi a kanta. Ban ce haka aka yi ba, ban san Baffanka ba. Na dai san wannan hanya, don na taɓa taka ta.

Ina matashin malamin firamare a wani ƙauye kudu da Kano, jama'a suka ba ni ajiyar kuɗin da ake tarawa na rufin masallaci, saboda ni ke iya rubuta lissafi. Maiɗakina ta kwanta rashin lafiya, albashi ya yi jinkiri, na sa hannu na ɗebi wani abu a ciki da niyyar in mayar ƙarshen wata. Wata huɗu na yi kafin in mayar. A cikin wata huɗun nan ina shiga aji ina koya wa yara gaskiya da riƙon amana, kuma wallahi ba wasa nake yi ba, na yarda da kowace kalma. Har na lura na fi zafafawa a darasin fiye da da, kamar in na ɗaga murya zan rufe bakin abin da ke cizona. Da a lokacin wani ya miƙe a gaban jama'a ya ce a kawo kuɗi a ƙirga, ban san me zan yi ba, kuma ina tsoron ƙarya zan yi. Allah ya rufa min asiri na mayar, na je na gaya wa liman da bakina. Shekaru sun shuɗe, har yau in na tuna sai na ji kunya. Tun daga nan na daina mamakin mutum mai faɗar gaskiya da baki yana saɓa mata da hannu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Saboda haka nasihar da Baffa yake yi bayan asuba, mai yiwuwa ganin ido ce, Musa a baki Fir'auna a zuci. Mai yiwuwa kuma kansa yake yi wa faɗa a bainar jama'a don ya kasa yi a ɓoye. Ko wanne ne, tambayar Suratus Saffi tana kansa, don me kuke faɗar abin da ba ku aikatawa. Kuma ko wanne ne, abin da yake faɗa a kan haƙƙin maraya gaskiya ne, bakin da ta fito bai ɓata ta ba.

Ga dalilin da ya sa na ce kar ka yi abin da ka shirya na ranar Juma'a. Baffanka ba shi da wani jari da ya wuce mutunci. Ranar da ka miƙe a harabar masallaci ka kira shi maci amana, ka toshe masa duk wata ƙofa sai ta musu. Zai rantse. Zai ce bashin mahaifinku ya biya, zai ce shi ya ciyar da ku, zai ce Innarku ta sani. Dattawan da suka yi shaida za su koma bayansa, don tona shi tona su ne. Daga wannan rana maganar gari ba za ta ƙara zama ta fadama ba, za ta koma ta yaron da ya ci mutuncin ƙanen ubansa a gidan Allah. Za ka huce na yini ɗaya, Innarku da ƙannenka mata su kwashi sauran, su da za su ci gaba da ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da iyalinsa.

'Yan majalisa ba zan ɓata musu lokaci da yawa ba. Abin da suke yi shi ne fuska biyu, wanda hadisi ya sa mai shi cikin mafi sharrin mutane, ya zo wa waɗannan da fuska, ya je wa waɗancan da wata. Amma ka dubi zaman ƙauye. Wannan yana aron shanun huɗar Baffa, wancan ɗansa yana neman 'yar Baffa, wancan Baffa ne zai yi wa matarsa sallah in ta mutu. Kai kuma gobe kana iya zama mai kuɗin garin. Kowa yana lallaɓa ɓangare biyu don bai san inda zai wayi gari da buƙata ba. Rauni ne, mummuna kuma, sai dai ba ƙiyayya ba ce. Maganinsu ɗaya: ka daina kai musu zancen. Wutar da ba a ƙara mata kara mutuwa take. Sannan ka tambayi kanka, tunda ba ka wurin lokacin da suke cewa yaran yanzu ba su da ta ido, wa ya kawo maka? Wanda ya ɗauko nasu ya kawo maka, shi zai ɗauki naka ya kai wa Baffa, har da ƙarin gishiri.

Amininka ya gaza maka, wannan babu ja. Shekara guda yana kallon ka kana tara kuɗi a kan fadamar da ya san ba ta hannunku. Ka same shi ku biyu, ba a majalisa ba, ka ce masa abin ya yi maka ciwo, ka tambaye shi dalili, sannan ka yi shiru ka saurara. Wataƙila babansa ya hana shi, wataƙila ya zaci Inna ta sani tana ɓoye maka, wataƙila ya ji tsoron a ce shi ya haɗa ɗa da uba faɗa, wanda a ƙauye tabo ne da ba ya gogewa. In ya sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure, ka riƙe shi, yanzu ka san iyakar nauyin da zai iya ɗauka. In ya hau kame-kame yana neman ya mai da laifin kanka, sai ku koma gaisuwa.

Dattawan nan biyu kuwa, da ka sa su cikin munafukai, su ne dukiyarka. Su suka san ranar da aka yi jinginar, da nawa aka bayar, da sharaɗin fansa, da abin da Baffa ya faɗa musu a ranar. Ba mamaki ce musu ya yi da yawun gidanku ya zo. Ka je wa kowannensu daban, bayan la'asar, da ladabi. Kar ka ce don me kuka yi. Ka ce, Baba, na ji an yi abu kaza a gabanku, na zo ku ba ni haske don kar in zargi kowa a kan jahilci. Dattijon da aka zo wa haka yakan faɗi fiye da abin da aka tambaye shi.

Kafin ka buɗe baki a gaban kowa, akwai tambayar da dole ka samo amsarta, don ita ce gindin maganar: fadamar nan ta mahaifinku ce shi kaɗai, ko ta kakanku ce da ba a taɓa rabawa ba? A ƙauyukan Kano da Jigawa gonaki da yawa haka suke, kaka ya mutu, 'ya'ya suka ci gaba da noma a gandu, kowa ya san ɓangaren da yake shiga amma ba a taɓa kiran malami ya raba ba. In ta mahaifinku ce, saye ko rabon gado, to Baffa ba shi da ko taki ɗaya a ciki, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci. Innarku tana da ɗaya bisa takwas, sauran naku ne ku huɗu, namiji rabon mace biyu, bayan an fitar da bashi da wasiyya. In kakarku, mahaifiyar babanku, tana raye lokacin da ya rasu, ita ma tana da ɗaya bisa shida, kuma ta nan Baffa yana iya samun wani abu. In kuwa fadamar ta kakanku ce ba a raba ba, Baffa yana da rabo, gwaggwanninku ma haka, laifinsa ya zama ya jinginar da nasa haɗe da naku ba izini. Laifi ne har yanzu, amma ka ga maganar da za ka yi ta canja. Ka tambayi Inna, ka tambayi maƙwabtan iyaka, ka tambayi mai unguwa.

In ka samu wannan, sai ka nemi wanda Baffa yake jin kunya. In kuna da Gwaggo, musamman wadda ta girme shi, babu kamarta, don ita kaɗai za ta kira shi da sunan yarinta ta faɗa masa abin da namiji ba zai iya ba. In babu, a nemi babban gidan ko limamin da kansa. A zauna a zaure, ƙofa a rufe, mutum huɗu ko biyar. Kai za ka yi magana, a zaune a ƙasa, murya ƙasa-ƙasa. Ka ce, Baffa, kai ne ubanmu tun da Baba ya rasu. Na je fadama na tarar da wani a ciki, na ji an jinginar. Ban zo in ɗaga maka murya ba. Na zo in ji yadda aka yi, da yadda za a yi ta dawo, don ni da ƙannena ba mu da wata. Daga nan ka tsaya. Kar ka ambaci wa'azinsa, ko da wasa. Ya san da shi, kowa a zauren ya san da shi, shirunka a kai ya fi duk abin da za ka faɗa nauyi.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi. Mutanenmu suna ganin neman takarda tsakanin dangi rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta nawa ne, wa zai biya, a wace kaka, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya sani. In ka ga ya fi maka ka fanshi fadamar da kuɗin da ka tara don kar noman bana ya wuce ka, to a rubuta cewa bashi ne a kan Baffa, kuma kar ka miƙa ko sisi sai a gaban shaidu da shi wanda ke riƙe da jinginar. Maganar amfanin da mutumin ya ci na shekarun nan, malamai da yawa suna ganin noma gonar jingina a kan rance cin riba ne a kan bashi, amma wannan ka bar wa masu ilimi su faɗa, kar ya fito daga bakinka. Kuma a wannan zama ka roƙi a raba gadon gaba ɗaya, har gonar tudu. Barin gado ba rabo shi ya haifi wannan, in aka sake barin sa zai haifi wani tsakaninka da autanku nan da shekara ashirin.

In Baffa ya ƙi zama, ko ya zauna ya musa, sai a hau mataki: mai unguwa, dagaci, hakimi. Hisba ma suna sulhun irin wannan. In duk ya ci tura, kotun shari'a tana nan, kuma zuwa wajen alƙali neman haƙƙin marayu ba yanke zumunci ba ne. A lokacin duk gari sun ga ka bi ta ƙofa, dattawan da suka yi shaida ba su da abin kunya in sun faɗi abin da suka sani.

Komawa birni ka manta da su kuwa, ba ka da wannan damar. Da fadamar taka ce kai kaɗai, sai in ce in ka ga dama ka yafe. Akwai rabon Inna a ciki, da na 'yan mata biyu da za a yi wa kayan ɗaki, da na yaron da bai san komai ba tukuna. In ka tafi, kai ma an ba ka amana ka ajiye ta ka juya baya. Kuma wane birni za ka je da babu irin mutanen da ka gudo? Kai da ka yi dako a Dawanau ka ga buhun da aka zuba mai kyau a sama, ka ji rantsuwar da ake yi a kan ciniki, ka kuma ga, na tabbata, ɗan kasuwar da ya kira ka ya cika maka ladan da ka manta. Su ɗin dai su ne a ƙauyenku, sai dai a can ka san sunan kakan kowa, shi ya sa abin ya fi zafi.

Masallaci ka koma, tun daga asubar gobe. Ba na Baffa ba ne. Abdullahi ɗan Umar ya yi sallah a bayan Hajjaju ɗan Yusuf, gwamnan nan da ya yi ƙaurin suna wajen zubar da jini, wanda laifinsa ya fi na Baffanka nesa ba kusa ba. In ya tashi nasiha kuma zuciyarka ba za ta ɗauka ba, ka yi azkar ɗinka ka fita a hankali, ba tsaki ba buga takalmi. Rashin ganin ka a sahu yana ba masu cewa birni ya lalata ka hujja, a daidai lokacin da kake buƙatar a ga natsuwarka.

Abu na ƙarshe, Innarku. Ka ce ita ta hana ka fasa gaisuwa. Matar da ta yi shekaru tana zaman gidan miji ba miji, a ƙarƙashin inuwar ƙanensa, ta san abubuwan da ba ta gaya maka ba. Wataƙila ta san da jinginar ta haɗiye don kar ka dawo da wuƙa. In haka ta fito, ina roƙon ka kar ka jefa ta cikin waccan kalma. Ka zauna da ita daren yau bayan yara sun kwanta, ka gaya mata ba faɗa za ka yi ba, ba kuma tafiya za ka yi ba, ka tambaye ta asalin fadamar da wanda take ganin ya kamata a fara samu. Lokacin shukar rani ba ya jiran kowa, don haka kar ka bar satin nan ya fita ba ka sayi goro ka je gidan Gwaggo ba. In an yi zaman, ka rubuto min abin da Baffa ya ce.